Wusasa: yadda coci ɗaya da makarantar ƙauye suka shiga tarihin Arewa

Ba a cika wata uku gardamar ba ta sake tashi a Facebook da teburan masu shayi ba: wai akwai Bahaushe Kirista na asali, ko kuwa duk wanda ka ji yana sujada da Hausa ɗan wata ƙabila ne da ya ari harshen? Kafin a watse kuma sai wani ya jefo ta biyu: wa ya jawo Arewa ta makara a boko, sarakuna ne, ko Turawan mulki, ko iyayen da suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu? A duka biyun za ka ji an ambaci Wusasa. Sai dai yawancin masu ambatonta iyakar saninsu shi ne "garin su Gowon".

Tambayar da ta kamata a yi ita ce: ta yaya ƙaramin ƙauye a bayan ganuwar Zariya, a gindin dutsen Kufena, ya zama mazaunin Kiristoci Hausawa da Fulani? Kuma ta yaya makarantarsa, wadda ba ta kai girman firamaren unguwa ta yau ba, ta yaye likitan farko ɗan Arewa, da ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da shugaban ƙasa? Amsar ta ratsa fadar Kano, da fadar Zazzau, da ofishin Razdan, da wani ƙauye da ciwon barci ya watsa.

Sunaye uku da ake cakuɗawa

'Yan mishan su ne Turawa da baƙaƙen fata masu yaɗa addinin Kirista, kuma ba ƙungiya ɗaya ba ce. Ta Wusasa ita ce CMS, ta ɗariƙar Angilika daga Ingila. Daban take da SIM, wadda ta haifi cocin ECWA kuma ta tsallaka zuwa ƙasar Nijar har ta gina asibitin Galmi, daban take kuma da SUM da ta fara a Wase a 1904.

Maguzawa Hausawa ne da suka tsaya kan addinin gargajiya a ƙauyukan Kano, Katsina da Zazzau. Da yawa daga cikinsu sun shiga Kiristanci daga baya, wasu sun musulunta. Amma ba su ne tushen Wusasa ba, kuma nan ne mutane ke yawan kuskure.

Isawa su ne na uku, kuma su ne ba a cika sani ba. Asalinsu Musulmi ne, almajiran wani malamin Kano da ake kira Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa a kan ayoyin Alƙur'ani masu magana kan Annabi Isa (AS) har ya ba shi matsayin da malaman Kano suka ga ya fita daga shari'a. An kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa suka watsu zuwa wajen Ningi da ƙauyukan da ke tsakanin Kano, Zazzau da Bauchi. A lura da shekarar: babu Bature mai wa'azi ko ɗaya a ƙasar Kano a lokacin.

Likita Mila da tafiyar 1900

Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, an haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ta Libiya ya zauna cikin fatake da mahajjata Hausawa yana koyon harshen. A 1900 shi da Bishop Herbert Tugwell da wasu mutum uku suka taso daga Legas suka nufi Kano, ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Alu ya karɓe su a fada, ya ji abin da ya kawo su, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka ja da baya zuwa Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu.

Daga nan abubuwa suka juya da sauri. Turawa suka shiga Zariya a 1902, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, aka cire Sarkin Zazzau Kwasau aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi. A 1905 Mila ya samu zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Wannan babban al'amari ne, domin a manyan biranen daular Usmaniyya ba kasafai ake barin mishan ta zauna cikin ganuwa kamar haka ba.

Alkawarin Gwamna Lugga

A Sakkwato, cikin Maris na 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa baki a addinin Musulunci ba. Bai faɗi haka don ƙaunar addinin ba. Sojansa kaɗan ne, ƙasar kuma faɗi gare ta, ba shi da yadda zai riƙe ta sai ta hannun sarakuna da alƙalai da hakimai. Waɗanda suka gaje shi, musamman Gwamna Girouard da Charles Temple, suka fassara alkawarin da cewa a tsare 'yan mishan daga masarautun Musulmi gaba ɗaya. Tawayen Satiru na 1906, kusa da Sakkwato, ya ƙara musu tsoron duk abin da zai ta da hankalin jama'a ta fuskar addini.

Mila ya so ya buɗe makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna da wata ta malamai, inda za a koyar da rubutun boko da lissafi. Ta malaman ta fara a 1907, amma ba ta yi nisa ba. Dalilin a fili yake: mutumin bai taɓa ɓoye cewa burinsa mutane su karɓi addininsa ba, iyaye kuma ba su ga dalilin da zai sa su miƙa ɗansu ga mai wannan buri ba. Sai gwamnati ta ɗauki nata hanyar, ta sa Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, daga baya aka yi Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920.

To a nan ne ni nake ganin ƙullin yake. Ƙofar boko ta zama biyu, kuma dukansu ƙunci gare su. Ta gwamnati an yi ta ne don samar wa En'e malamai da ma'aikata, hakimi ne ke zaɓen yaron da zai shiga, adadin kuma ƙididdigagge ne. Ta mishan a buɗe take ga ɗan kowa, amma uba Musulmi yana ganin kuɗin shigarta shi ne addinin ɗansa. Ɗan talaka Musulmi, wanda ubansa ba bafade ba ne kuma ba zai yarda da mishan ba, ya tsaya a tsakiya ba shi da ƙofa. Su ne mafi yawan yaran Arewa.

Gimi, ƙauyen da ya riga Wusasa

A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka zo wurin Mila a Zariya da ƙafarsu. Sun gaji labari daga iyayensu cewa wata rana za a zo musu da cikakken bayani kan Annabi Isa, suka ga ko wannan ne. Aka samar musu fili a Gimi, arewa maso gabas da Zariya, a ƙasar Maƙarfi ta yau, suka tattaro iyalansu daga ƙauyuka suka kafa gari. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, shi ya zauna da su. Suka gina ɗakin sujada da makaranta, suka yi noma, suka shiga matse rake suna dafa mazarƙwaila, sana'ar da har gobe aka san ƙasar Maƙarfi da ita.

Ba a yi shekara goma ba ciwon barci ya faɗa wa garin. Ƙudan tsando ne ke kawo shi, yana zaune a kurmin bakin rafi, wato daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, manoman rake ke wuni. A wancan zamani magani mai ƙarfi bai iso ba. Mutum zai fara da zazzaɓi da kumburin wuya, sai kasala, sai ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka da lomar tuwo a hannu, har barcin ya zarce. Manya suka yi ta mutuwa, garin ya watse, aka kwashe yara da marayu zuwa makarantar Mila a birni. Waɗannan yaran, tare da 'yan tsirarun Hausawa da Fulanin da suka karɓi addinin a Zariya, da yaran da aka 'yanto daga bauta, su ne irin da aka shuka Wusasa da shi.

Duk wanda ke cewa Kiristocin Wusasa baƙi ne, ya tsaya a nan ya sake tunani. Kakannin wasunsu almajiran allo ne a ƙasar Kano.

Me ya fitar da su daga birni?

Zaman Mila da fadar Zazzau bai yi daɗi ba. Ya riƙa kai ƙarar Sarki Aliyu Ɗan Sidi wurin Turawan mulki kan zargin zalunci da cinikin bayi, kuma yana cikin waɗanda maganarsu ta yi tasiri har aka cire sarkin wajen 1920 aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu. Aliyu Ɗan Sidi malami ne, mawaƙi ne da har yau ake karanta waƙoƙinsa, kuma Zazzagawa da yawa ba su yafe wannan ba. A shekarun 1920 kuma 'yar'uwar Mila, Ethel, ta buga wata ƙasida da ta taɓa martabar Manzon Allah (SAW), abin da ya fusata Musulmi ya kuma firgita gwamnati. Wanda zai ba da tarihin Wusasa da gaskiya ba zai tsallake waɗannan biyun ba.

Ga kuma matsalar wuri: ɗalibai sun yi yawa, marasa lafiya sun yi yawa, fili a cikin birni ya yi kaɗan. Fada tana so su fita, Razdan yana so su fita, sababbin ma'aikatan CMS kuma sun ga fitar za ta ba su sarari. Aka daidaita a kan fili a Wusasa, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Kwasau, aka tashi a 1929. Mila kansa bai so tashin ba. Ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wanda ya ja ragamar sabon wurin shi ne Guy Bullen, wanda daga baya aka naɗa bishop aka tura shi Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a can a 1937. Mila ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952.

Cocin da aka gina da tubali

Wanda ya saba ganin coci mai dogon hasumiya da gilasai masu launi, in ya tsaya gaban tsohuwar majami'ar St Bartholomew zai ɗauka zauren wani basarake ne. Ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa: katanga mai kauri da ke riƙe sanyi ko a watan bazara, rufin soro, da bakan gizo da ke tashi daga bango su haɗu a sama su ɗauki nauyin rufin. Wannan dabarar ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙarshenta a Masallacin Juma'a na Zariya kusan shekara ɗari kafin nan. 

Ba don kuɗi kaɗai aka yi ginin haka ba. Mutanen da za su yi sujada a ciki Hausawa ne, kuma suna so a gan su a haka. Ran Lahadi maza cikin babbar riga da hula, mata da zane da ɗankwali da gyale, addu'a da Hausa, waƙa da Hausa, gaisuwa bayan an tashi irin wadda za ka ji a ƙofar kowane gida a Zazzau. Sunayen su ne Bulus, Ishaya, Istifanus, Rahila, Saratu, a haɗe da Audu, Tafida, Dikko. Daga baya aka ƙara asibitin St Luke, da kwalejin horar da limaman coci ta St Francis, kuma a ƙarshen shekarun 1990 Wusasa ta zama hedikwatar dayosis mai bishop nata.

Makarantar da mutanen da ta yaye

Dokta Russell Barau Dikko, Bafulatani, ɗalibin Mila ne. Ya wuce King's College a Legas, ya yi likitanci a Birmingham, ya dawo a matsayin likitan farko ɗan Arewa. Shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka ƙaddamar a Kaduna a 1949, wadda ta rikiɗe ta zama NPC a 1951, jam'iyyar Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Asibitin koyarwa na jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi.

Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Ancau a 1927, mahaifinsa Malam Bulus Audu daga zuriyar Isawa yake. Likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari. Janar Yakubu Gowon ɗan ƙabilar Angas ne daga Filato, an haife shi a 1934, mahaifinsa mai bishara ne na CMS da ya kawo iyalinsa Wusasa, a nan ya yi firamare kafin ya shiga Barewa. Akwai Farfesa Adamu Baikie, masanin ilimin koyarwa da ya shugabanci Jami'ar Benin. Akwai John Tafida, wanda tare da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi, littafin da dubban yara Musulmi suka karanta a aji ba tare da sun san daga ina marubucin ya fito ba.

Mene ne sirrin? Ba wani asiri. Makarantar kwana ce, yara kaɗan, malamai suna zaune tare da su, kowa an san shi da sunansa da na ubansa. Ana fara Turanci da wuri, alhali elementaren gwamnati da Hausa take koyarwa, sai wanda ya kai midil yake samun Turanci sosai, kuma Turanci shi ne mabuɗin jarrabawar shiga manyan makarantun Legas da Ingila. Ana karantar da 'ya'ya mata tun kafin gwamnati ta buɗe nata makarantun mata a Kano da Katsina wajen 1930, don haka yaron Wusasa yakan tashi a hannun uwa mai karatu. Ga asibiti a gefe, inda yaro ke ganin aikin jinya da haɗa magani da idonsa, shi ya sa likitoci da ma'aikatan jinya suka yi yawa a cikinsu. Sannan jama'a ce 'yar ƙarama wadda ba ta da sarauta ba ta da dukiya, karatun shi ne gadonta.

Yaran nan ba su fi na Ƙaura ko na Tudun Wada ƙwaƙwalwa ba. Da ƙasa ɗaya aka yi su. Abin da ya raba su shi ne an ba wasu kulawar da aka hana wasu, kuma wannan ne ke ci mini rai duk lokacin da na tuna yawan ƙauyukan Arewa da suka kai 1960 ba su da ko aji ɗaya.

Abin da kowane ɓangare yake riƙe da shi

Musulmi da yawa suna kallon mishan a matsayin ɗayan hannun mulkin mallaka: bindiga a dama, magani da allo a hagu. Suna da hujja, domin Mila ya goyi bayan yaƙin da Turawa suka yi da sarakuna, kuma ya matsa a bar ajami a koma rubutun boko. Kakanninmu da suka ƙi ba da 'ya'yansu ba jahilai ba ne, suna da nasu tsarin karatu na ƙarnoni, suna kuma kare abin da ya fi musu komai daraja.

Kiristocin Hausa su kuma suna cewa gwamnatin mallaka ba ta taɓa zama tasu ba. Ita ta tsare su, ita ta fitar da su bayan ganuwa, ita ta fifita sarakuna. Suna tuna cewa asibitinsu bai taɓa tambayar majiyyaci addininsa ba. Suna kuma kukan cewa a Kudu ana kallonsu a matsayin Hausawa, a gida kuma wasu na hana su sunan. Su ma suna da hujja. Rikicin da ya tashi a Kafancan cikin Maris na 1987 ya iso Zariya, aka ƙona coci-coci, kuma tabon bai gama warkewa ba.

Na ukun, wanda ba shi da mai kare shi a yau, shi ne Baturen mulki, kuma a ganina shi ya fi kowa alhaki. Ya hana mishan, wannan ya yi daidai da alkawarinsa. Amma da ya hana, sai bai gina makarantun da za su maye gurbin ba, domin ilimin talaka kuɗi ne, kuma mai ilimi yakan yi tambaya. Ko sassaucin da aka yi a shekarun 1930 ta hanyar kutare aka yi shi, aka bar 'yan mishan su riƙe wurare irin Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato.

Karɓe makarantu da abin da ya shafi talaka yau

Bayan yaƙin basasa, a farkon shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan da na sauran ƙungiyoyi. Gowon ne shugaban ƙasa a lokacin. A Wusasa, sakandaren St Paul ta koma Kwalejin Kufena. Manufar tana da kyau: a buɗe ƙofa ga kowa, kada addini ya zama sharaɗin karatu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara cika azuzuwa. Abin da ba a iya riƙewa ba shi ne kulawar. Aji ya tashi daga yara talatin zuwa ninkinsa, malami ya zama ma'aikacin da ake iya ɗagawa kowane lokaci, rufi in ya yaye sai an jira kwangila daga hedikwata.

Shi ya sa maganar mayar da makarantu ga masu su na asali take ta dawowa. Legas ta yi a 2001, Anambra ta yi zamanin Peter Obi. A Arewa lissafin ya fi wuya. Wusasa ta yau ba ƙauyen 1929 ba ce, Zariya ta bunƙasa ta haɗe da ita ta wajen Ɗanmagaji, Musulmi sun yi yawa a cikinta, akwai gidajen da wa ke zuwa masallaci ƙane ke zuwa coci. In aka mayar da makaranta ga coci, uba Musulmi zai tambaya ko za a koya wa ɗansa addininsa, kuma nawa ne kuɗin zango. In aka bar ta a hannun gwamnati, uwa Kirista za ta tambaya ko za a turo malamin darasin addinin Kirista, kuma yaushe za a gyara ajin da kakanta ya ɗauki tubalinsa a ka. Duk wata yarjejeniya da za a yi, a Wusasa ko a Kagoro ko a Garkida, sai ta amsa waɗannan tambayoyi huɗu a rubuce kafin a miƙa makullin, domin mai kuɗi daga kowane ɓangare ya riga ya kai nasa ɗan makarantar kuɗi.